Wasan Manoma: Tarihin 'Yan Wasan da Suka Kai Dandali Ƙauye

  

Ina gaida mutanen Kafanchan. Ina gaida na Kagoro da Zonkwa, da na Kwoi da Kachiya, da na Manchok da Gidan Waya da Zangon Kataf. Baba da ka dawo daga gonar citta, sannu da aiki. Mama da kike gaban murhu, rediyo na gefenki, sannu da ƙoƙari. Direba da kake kan hanya, Allah ya sauke ka lafiya.

Yau maganar wasan kwaikwayo za mu yi. Ba na talabijin ba, ba na cikin waya ba. Wasan da ake loda shi a mota, a kawo shi har ƙofar gidanka, kuma kuɗin gwamnati ne ya zuba wa motar mai.

Ga tambayar da nake so ku riƙe tun daga yanzu. In gwamnati ta biya kuɗin wasa, 'yan wasa suka sauka a garinku, da bakin wa za su yi magana? Da bakin wanda ya biya, ko da bakin wanda aka zo wa?

Tafiyar tamu zango biyar ce. Za mu fara da majigi. Mu yada zango a Samarun Zariya. Daga nan mu shiga ƙauyukan Soba da Maska da Bomo. Sai mu leƙa ƙungiyar wasa ta ƙasa. Sannan mu dawo gida Kafanchan. Ku gyara zama.

Zango na farko: majigi.

Dattawanmu za su tuna. Tun zamanin Turawa, har bayan samun 'yancin kai a 1960, gwamnatin Jihar Arewa tana da motoci masu zagaya garuruwa. Da la'asar mota za ta iso. A kafa farin ƙyalle a filin makaranta ko a ƙofar fada. A tada inji. Da duhu ya yi, sai hoto ya bayyana yana motsi. Ga mai bayani a gefe, da lasifika, yana faɗi da Hausa. Wannan shi ne majigi.

Me ake nunawa? Tsafta. Noma. Yaƙi da jahilci. Ziyarar manyan ƙasa. Da yawa cikin dattawa ba su manta da Baban Larai ba, fim ɗin da ke koyar da noman auduga. Ba a biyan ko kwabo. Yaro da babba, mace da namiji, kowa ya fito. Kuma mutane sun ƙaru, wannan ba shakka.

Amma majigi yana da aibi guda. Ƙyalle yana magana, ba ya ji. In manomi yana da tambaya, wa zai yi wa? In abin da aka nuna bai dace da ƙasar gonarsa ba, wa zai faɗa wa? Kafin gari ya waye sosai, mota ta ɗaga zuwa gari na gaba. Magana ta zo daga sama, ta sauka, ta tafi. Ku riƙe wannan: ƙyalle yana magana, ba ya ji.

Zango na biyu: Samarun Zariya.

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓi ragamarta. A wannan shekarar ce kuma aka fara koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni a jami'ar. Wanda ya jagoranci aikin wani malami ne mai suna Michael Etherton. Kafin ya zo Zariya, ya koyar a Jami'ar Zambiya. A can ya sa hannu wajen kafa dandalin Chikwakwa, inda ɗalibai ke ɗaukar wasa su kai ƙauyuka da harsunan mutane. A Zariya ya yi aiki tare da wani malamin, Brian Crow, da matasa 'yan ƙasa irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah.

Abin da suka fara da shi, gini ne. Ku saurari yadda ginin yake, domin a cikinsa manufarsu take.

A ɗakin wasa irin na Turawa, 'yan wasa suna can sama kan dandamali, fitila na haska su. 'Yan kallo suna ƙasa cikin duhu, sun yi shiru. Ga labule a tsakani. A Samaru ba haka aka yi ba. Wani Ba'amurke mai zanen gini, Steven Ehrlich, ya tsara wurin, magina Hausawa suka gina shi da tubali da jinka. Ɗakuna masu zagaye, sun kewaye fili, kamar tsakar gidan kakanka. Mai wasa yana ganin idon mai kallo. Mai kallo zai iya miƙa hannu ya taɓa mai wasa. Har yau wurin yana nan, ana ce masa ƙauyen 'yan dirama.

To amma ko tsakar gidan nan, a cikin jami'a take. Mai sayar da itace ba zai shiga ba. Mai ga-ruwa ba zai shiga ba. Sai malaman suka ce wa ɗalibai, ku fita. Ku shiga garin Samaru, layi-layi. Ku zauna da mutane. Ku tambaye su abin da ke damunsu. Ku dawo ku mayar da abin da kuka ji wasa. Sannan ku koma ku yi shi a bakin titi, da harshen da mutanen unguwa ke ji.

Ku lura, ba rubutaccen wasa ba ne. Babu littafin da aka haddace. 'Yan wasa sukan shirya ƙashin labari kawai, sauran magana kuwa a baki take fitowa, kamar yadda yaranmu ke yi a wasan tashe. Wannan shi ne aikin da aka sani da shirin Samaru.

Kuɗin wa ke ɗauke da wannan duka? Kuɗin jami'a. Kuɗin jami'a kuwa na gwamnati ne. Na gwamnati kuwa harajinka ne da arzikin ƙasarka. Wato kuɗin talaka ne ya zagayo ya dawo ƙofarsa.

Zango na uku: Soba, Maska da Bomo. Nan ne cibiyar labarinmu, don haka za mu ɗan daɗe.

A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, wanda aka fi sani da OFN. Rediyo na ta kira, kowa ya koma gona. Aka yi alkawarin taki da iri. A 1977 sai 'yan wasan Zariya suka nufi ƙasar Soba, a nan cikin Jihar Kaduna. Suka kira aikin Wasan Manoma.

Sun isa, sun gaida masu gari, sun zauna da manoma. Sai suka tarar da wani abu. Manomin Soba ba ya buƙatar a koya masa riƙon fartanya. Ya gaji noma kaka da kakanni. Damuwarsa daban ce. Taimakon da ake faɗi a rediyo, musamman taki, ba ya isowa hannun ƙaramin manomi yadda ya kamata. Sai wasannin suka ɗauko wannan kuka suka kawo fili.

Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan shi ne karatun farko da ƙauye ya koya wa jami'a. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma da suka koma Zariya, suka zauna suka yi wa kansu hisabi. Suka ga har yanzu da sauran gyara. Su suka tambaya. Su suka shirya wasan. Su suka yanke yadda zai ƙare. Manomi ya kalla, ya yi dariya, ya tafa, ya koma gida. Ashe har yanzu akwai ƙyalle a tsakani, ko da ba a ganinsa.

Sai suka canza salo. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A 1979 suka je Maska, ta wajen Funtuwa, wadda a lokacin tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Bayan nan suka yi aiki a Bomo, dab da Samaru. Sannu a hankali suka daina zuwa da wasan da aka gama. Suka koma shirya shi tare da manoma. Sun kuma ƙaru da tunanin wani ɗan ƙasar Barazil, Augusto Boal, wanda ya ce bai kamata ɗan kallo ya zauna kawai ba, ya kamata ya shigo ya zama ɗan wasa.

Yaya ake yin haka? Bari in ba ku misali. Ku ƙaddara kuna tsaye a filin kasuwa.

Ga ɗan wasa ya fito a matsayin manomi. Ya sayar da akuyarsa don ya sayi taki. Ya yi sammako, ya bi layi. Rana ta take, bai kai ga taga ba. Can sai aka ce taki ya ƙare. Da ya juya, sai ga buhunan a rumfar wani ɗan kasuwa, kuɗin ya ninka. Ya dawo gida hannu rabbana. Matarsa ta dube shi, ta dubi yara.

A nan sai a tsayar da wasa cak. Jagora ya juyo wajen jama'a, ya ce: "To, jama'a, wannan bawan Allah yaya zai yi?"

Wani ya ɗaga murya: ya kai ƙara wajen mai gari! Sai a ce masa, bismillah, shigo ka zama shi, ka kai ƙarar mu gani. Ya shiga, ya gwada. Sai wata tsohuwa ta ce, ai ba a nan gizo ke saƙar ba, in ya je shi kaɗai ba wanda zai saurare shi. Wani ya ce, to su haɗu su ashirin su tafi tare. A sake gwadawa. A ga inda za ta ɓulle, a ga inda za ta cije.

Kun ga abin da ya faru? Fili ya zama wurin gwaji. Mutum ya gwada maganar da zai yi gobe a gaban hukuma, ya gwada ta yau a gaban 'yan'uwansa, ba tsoro. Masana suna kiran wannan wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma. A sauƙaƙe, wasa ne da jama'a ke yi da kansu, a kan matsalarsu, don neman mafitarsu.

Akwai ƙalubale biyu da suka fuskanta, kuma ya kamata mu faɗe su. Na ɗaya, ɗalibi yana da jarrabawa. Zangon karatu ya ƙare, sai ya tafi. Manomi kuwa yana nan da matsalarsa. Wasa ya tada magana, amma wa zai bi ta har ƙarshe? Na biyu, kuɗin tafiya na gwamnati ne, kukan da ake kawowa fili kuwa sau da yawa a kan ma'aikatan gwamnati yake. Tsayawa a irin wannan wuri sai mai ƙarfin zuciya.

Duk da haka irin da aka shuka ya tsira. A 1989 Oga Steve Abah da abokan aikinsa suka kafa ƙungiya mai zaman kanta a Zariya, Nigerian Popular Theatre Alliance, don ci gaba da aikin a wajen ajin karatu. Ɗaliban da suka ratsa ta Samaru sun bazu a jami'o'i da kwalejojin ƙasar nan, suna koyar da wannan hanya. Yau in aka yi maganar irin wannan wasa a Afirka, sai an ambaci Zariya.

Masu sauraro, in yanzu kuka buɗe rediyo, tarihin 'yan wasan kwaikwayo masu yawo da kuɗin gwamnati muke bi. Ga mu a zango na huɗu: ƙungiyar wasa ta ƙasa.

Akwai wani mutum, Hubert Ogunde, haifaffen Ososa a ƙasar Yarabawa, a 1916. Ya yi koyarwa, ya yi aikin ɗan sanda, sannan ya ajiye kaki ya kafa ƙungiyar wasa. Yana loda 'yan wasa da ganguna a babbar mota, gari ya gari, kudu da arewa. Da kuɗin tikiti yake ciyar da su.

A 1945 ma'aikatan Nijeriya suka yi babban yajin aiki na fiye da kwana 40. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne a sahun gaba, kuma duk ɗan Kafanchan ya san nauyin wannan magana. Ogunde ya mayar da yajin wasa, ya kira shi Strike and Hunger, wato yajin aiki da yunwa. Hukuma ta hana shi a Jos. A 1949 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu. Ya sake yin wasa a kai, Bread and Bullet, wato burodi da harsashi. Aka hana shi a Kano. Bayan samun 'yanci ma, a 1964, gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyarsa wasa a yankinta.

To wannan mutumin ne gwamnatin tarayya ta kira a 1986. Ta ce ya tara mata 'yan wasa daga jihohin ƙasar nan. Ya tara su a garinsu Ososa, ya horar da su. Daga nan aka samu National Troupe of Nigeria, wato ƙungiyar wasa ta ƙasa. Ta tabbata a 1989, aka yi mata doka mai lamba 47 a 1991. Ogunde bai ga dokar ba, domin ya rasu a watan Afrilun 1990. Daga cikin waɗanda suka jagoranci ƙungiyar daga baya akwai Ahmed Yerima, wanda ya taɓa koyarwa a Zariya, kuma ya rubuta wasa a kan Sarkin Musulmi Attahiru.

Ƙungiyar ta ɗaga sunan Nijeriya a ƙasashen waje, wannan abin alfahari ne. Sai dai ina so ku tambayi kanku. A garinku, an taɓa ganinta? Ƙungiyar ƙasa, haƙƙin kowane ɗan ƙasa ce. Na Legas da Abuja bai fi na Godogodo ta nan ƙasarmu haƙƙi ba.

Kuɗin gwamnati yana da daɗi. Yana ba ɗan wasa albashi, ya sa talaka ya yi kallo kyauta. Amma hannun da ya buɗe famfo zai iya rufe shi. A Amurka, a 1935, lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, gwamnati ta kafa shirin wasan kwaikwayo na tarayya. Dubban 'yan wasa suka samu aiki, miliyoyin mutane suka yi kallo. Da wasu wasannin suka taɓo maganar gidajen talakawa da halin manoma, sai 'yan majalisa suka zarge su da aƙidar gurguzu. A 1939 aka yanke kuɗin, shirin ya mutu. Shekara huɗu kacal.

Zango na biyar, kuma na ƙarshe: mun dawo gida.

Kafanchan mahaɗa ce. Tun 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya rabu a nan, wani ya yi Kaduna, wani ya haura Jos. Jirgi ya kawo Ibo da Yarabawa da sauran ƙabilu, suka zauna tare da Fantswam da Kaninkon da Bajju da Atyap da Kagoro da Ham da Hausa da Fulani. Harsuna da yawa, amma in an haɗu a kasuwa, Hausa ake yi. Ka ga ashe ƙasar nan ta samu abin da 'yan wasa masu yawo ke nema: harshe ɗaya da kowa ke ji.

Fasaha kuwa ba baƙuwa ba ce a nan. A ƙasarmu Nok take, inda aka tono kawunan yumɓu da suka haura shekara 2,000. Duk ranar 1 ga Janairu ana bikin Afan a Kagoro. Ham suna da bikin Tuk Ham. Yaran Musulmi suna tashe a watan azumi. Yaran Kirista suna wasan haihuwar Almasihu a lokacin Kirsimeti. Zumuntar Mata na coci suna da ganga da murya. 'Yan wasa muna da su. Dandali muna da shi, ko wace inuwar mangwaro dandali ce.

Wuraren yoyo ma muna da su. A 2023 cuta ta faɗa wa citta, gonaki suka ruɓe, magidanta da yawa suka shiga bashi. Ga maganar gona da kiwo. Ga matasa da ƙwaya. Ga raunukan rikice-rikicen 1987 da 1992 da 2011, waɗanda har yau akwai gidajen da ba su daina jin zafinsu ba. Akwai maganar da ba ta faɗuwa ido da ido. Amma in aka sa ta a bakin ɗan wasa, sai ta faɗu, kowa ya ji, ba wanda aka nuna da yatsa.

Don haka ga roƙona ga hukuma, ta jiha da ta ƙananan hukumomi. Ƙungiyar wasa mai yawo ba ta cin kuɗi da yawa. Mota ɗaya, ganguna, lasifika, da ɗan alawus ga matasa. Ku ba su. Kada ku ajiye su sai ranar tarbar baƙi. Ku tura su ƙauye. In sun dawo da kukan jama'a, ko da ya taɓa ofishinku, ku saurara. Kunne kuka saya, kuma shugaba ba shi da kadarar da ta fi kunne.

Ku kuma matasa, na coci da na masallaci, da ɗaliban Gidan Waya da na Kafanchan, kada ku jira mota. Abu huɗu Zariya ta koya mana. Ku fara da gaida masu gari, ku zauna ku saurara. Ku shirya wasa tare da masu matsalar. Ku tsayar da shi a tsakiya, ku tambayi jama'a. Sannan ku dawo bayan wata ɗaya ku ga inda magana ta kwana. Ku saurara, ku shirya tare, ku tambaya, ku dawo. Wannan na huɗun shi ne ya fi wuya, kuma ku kun fi ɗaliban Samaru sa'a, domin ku 'yan gida ne, ba inda za ku.

Da farko na tambaye ku, da bakin wa ɗan wasa zai yi magana? Manoman Soba da Maska da Bomo sun riga sun amsa. Ya zo da kunne tukuna. In ya saurara da kyau, bakin da zai yi magana a fili naki ne, Mama. Naka ne, Baba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A daren yau, in an gama cin tuwo, ku tambayi juna a tsakar gida: da za a yi wasa a kan unguwarmu gobe, wace magana za mu so a fara kawowa fili? Amsar da kuka bayar, ita ce fitowa ta farko.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau.  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.